Kundin koyon aikin sa ido kan illar magani, na mako goma

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Na buɗe wannan kundin ne domin in daina yaudarar kaina. Shekara shida ke nan ina bayan tagar ba da magani a asibiti ina cewa "ɗaya da safe, ɗaya da dare", kuma kusan shekara biyu ina faɗa wa duk wanda ya tsaya saurarena cewa zan koma ɓangaren sa ido kan illolin magunguna, wanda masu aikin suke kira famakobijilans. Amma ban taɓa zama na koye shi ba. Yanzu na ɗibar wa kaina mako goma: awa ɗaya da rabi kullum bayan na tashi daga aiki, ranar Asabar awa uku. Abin da nake so a ƙarshe shi ne in iya ɗaukar rahoton illa tun daga kiran waya har zuwa miƙa shi ga hukuma, sannan in nemi aiki aƙalla wuri uku.

Wadda za ta riƙa duba min aiki wata yayata ce ta makaranta, ta riga ni gamawa da shekara biyar, yanzu ita ke shugabantar masu sarrafa rahotannin illa a wani kamfani. Sharaɗinta ɗaya ne. Ta ce, "Ƙanwata, ba zan nuna miki rahoton mutum na gaske ko ɗaya ba, amana ce. Zan ƙirƙiro miki nawa, kuma ki sani kowanne da tarko a ciki."

Kashe kuɗi kawo yanzu: data da littafin rubutu. Darussan cibiyar sa ido ta Uppsala kyauta ne a intanet, haka ma ƙa'idojin ICH, majalisar da ke daidaita ƙa'idojin magunguna tsakanin ƙasashe, da na hukumar magunguna ta Tarayyar Turai.

Laraba, 3 ga Satumba

Tarihi na karanta, kwana biyu. Na san labarin talidomid tun muna aji, amma a matsayin tambayar jarrabawa kawai. An fara sayar da shi a Jamus ta Yamma a 1957 a matsayin maganin barci, mata masu ciki suka riƙa shan sa saboda laulayi, kuma kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu a ƙasashe da dama. Abin da ya tsaya min a rai yanzu shi ne yadda aka gano. Likitoci ne ɗaiɗaiku suka lura, Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostareliya, wanda ya rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa ga mujallar Lancet a Disambar 1961. A Amurka kuwa Frances Kelsey ta hukumar FDA ta ƙi amincewa da maganin saboda bayanan da aka kawo mata ba su gamsar da ita ba.

Daga nan komai ya biyo: Amurka ta tsaurara dokarta a 1962, Birtaniya ta fara tsarin katin rawaya na kawo rahoton illar magani a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido na ƙasa da ƙasa a 1968 da ƙasashe 10, aikin ya koma Uppsala a Suwidin a 1978. Rumbunsu, VigiBase, yana ɗauke da rahotanni sama da miliyan 30.

Lissafi ɗaya na rubuta da jan biro. Idan illa tana samun mutum 1 cikin 10,000, sai an ba mutum kusan 30,000 maganin kafin a sami tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa za a gan ta ko da sau ɗaya. Gwajin da ake yi kafin magani ya shiga kasuwa yawanci mutum 'yan dubbai ne. Ke nan ragowar gwajin a jikin waɗanda nake miƙa wa magani ta taga ake yin sa.

Asabar, 6 ga Satumba

Yaya ta turo rahotanni 10 na farko. Aikin: in ware wanda ya cika rahoto da wanda bai cika ba. Ginshiƙai huɗu ne: majinyaci da za a iya cewa akwai shi (ko da shekaru ko jinsi ko haruffan farkon suna ne kawai), mai kawo rahoto da za a iya tantancewa, maganin da ake zargi, da abin da ya faru. Na ci 8. Ɗaya na jefar saboda babu sunan majinyaci, alhali an ce "mace mai shekara 54", kuma wannan ya wadatar. Ɗayan na karɓa, wani likita yana cewa "marasa lafiya da yawa sun yi ƙuraje", babu mutum ɗaya da aka ware. Wannan ba a zubar da shi, ana ajiyewa a koma a tambayi likitan, amma bai zama rahoto ba tukuna.

Talata, 9 ga Satumba

Darasi na biyu da na uku na Uppsala. Rabe-raben illa na Rawlins da Thompson na 1977: wadda ke biyo aikin maganin da yawansa, da wadda ke zuwa ba zato. Babu sabon abu a wurina.

Asabar, 13 ga Satumba

Yau na sha ƙasa.

Rahotanni 12, in ware waɗanda ƙa'ida ta ɗauka a matsayin babban lamari. Na yi aikin da idon ma'aikaciyar asibiti: wanda ya fi shan wahala shi na sa a gaba. Wani mutum da ciwon kai ya hana shi barci kwana uku, har yana cewa kansa zai tsage, na sa shi babban lamari. Wata tsohuwa da aka kwantar dare ɗaya a asibiti saboda jiri, washegari aka sallame ta lafiya lau, na sa ta ƙarami. Duka biyun na juya su.

Yaya ta kira ni maimakon ta rubuto. Ta ce, "Ke, tsananin ciwo daban, girman lamari a ƙa'ida daban. Ba tausayinki ake tambaya ba. Buɗe E2A ki karanto min." Na karanto mata, E2A ɗin ƙa'idar ICH ce a kan rahoton illa. Abu shida ne: mutuwa, abin da ya kai mutum bakin mutuwa a lokacin da ya faru, kwantarwa a asibiti ko tsawaita kwanciya, nakasa mai ɗorewa ko babba, haihuwar jariri da tawaya, da kuma wani lamari da likita ya ga yana da muhimmanci ko da bai shiga biyar ɗin farko ba, misali shaƙewar numfashi da aka yi wa agajin gaggawa ba tare da an kwantar ba. Mai ciwon kai bai taɓa ko ɗaya ba. Tsohuwa ta kwana a gadon asibiti, magana ta ƙare.

Na ce, "Yaya, amma fa shi ya fi jin jiki." Ta ce ta yarda, kuma akwai gurbin da ake rubuta tsanani, sai dai wannan gurbin ba shi ke tayar da agogon hukuma ba. Na ci 7 cikin 12. Abin ya yi min ciwo fiye da yadda ya kamata, domin na shigo da tunanin cewa shekara shida a asibiti za su rage min hanya. A wannan gaɓar su ne ma suka sa min ƙafa.

Laraba, 17 ga Satumba

Agogo. Babban lamari bayan magani ya shiga kasuwa, kwana 15 ne a miƙa wa hukuma, kuma kwanakin kalanda ake ƙirgawa, har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A Tarayyar Turai waɗanda ba manya ba ma ana miƙa su cikin kwana 90. A gwajin magani kuwa, illar da ba a zata ba wadda ta kashe ko ta kusa kashewa, kwana 7 ne.

Tarkon yau: wakilin tallan kamfani ya ji labari daga bakin likita ranar Juma'a 5 ga wata, da ginshiƙan nan huɗu cif, bai turo wa sashen sa ido ba sai Laraba 10 ga wata. Na ƙirga daga 10, na rubuta wa'adi 25. Kuskure. Ranar sifili, wadda ake fara ƙirge daga ita, ita ce ranar da kowane ma'aikacin kamfani, ko wanda ke yi masa aiki a kan kwangila, ya fara samun labarin. Wa'adi 20 ga wata ne, kwana biyar sun riga sun tafi a aljihun wakilin talla. Yanzu na gane dalilin da ya sa ake tilasta wa kowa a kamfanin magani, har mai amsa waya, yin horon nan.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na gaji. Minti arba'in kawai, maimaitawa.

Laraba, 24 ga Satumba

Na sami shiga MedDRA, ƙamus ɗin da ake mayar da kalaman mutane zuwa kalmomi tsayayyu da shi. Ba a buɗe yake ga kowa ba. Kamfanoni suna biya gwargwadon cinikinsu, hukumomi da makarantu da masu kula da marasa lafiya kai tsaye suna samu kyauta, don haka ta hannun wurin aikina na nema, ya ɗauki kwanaki. Hawa biyar ne, daga ƙasa inda kalmomi sama da 80,000 suke kusa da yadda mutane ke magana, har zuwa sama inda aka kasa komai gida 27 bisa sassan jiki da makamantansu. Ana sabunta shi sau biyu a shekara, Maris da Satumba. Yau yawo kawai na yi a ciki.

Asabar, 27 ga Satumba

Ranar da ta fi kowace tsawo kawo yanzu, awa biyar, kuma ita ce ta fi koya min abu.

Rahoton farko: namiji mai shekara 40, mako uku da fara wani magani, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, yana jin kasala. Hannuna bai ko yi jinkiri ba, na zaɓi kumburin hanta. Duk wanda ya yi aiki a asibiti abin da zai zo masa ke nan. Yaya ta ja layi ta rubuta, "Wa ya faɗa?" Babu wanda ya faɗa. Mai rahoton alamomi uku ya kawo, alamomi uku zan sa: rawayar ido, duhun fitsari, kasala. In likita ya zo daga baya ya ce hanta ce ta kumbura, sai a sabunta. In ni na ƙara, na ƙirƙiri cutar da babu wanda ya gano, ta shiga rumbu, wani ya zo bayan shekara biyu ya ƙirga ta a cikin hujjar cewa maganin yana lalata hanta. Mai yiwuwa kuma mutumin tsakuwa ce ta toshe masa hanyar matsarmama, ko jininsa ne ke fashewa. Garin gyaran gira a rasa ido.

Na yi gardama kaɗan. Na ce to ina amfanin karatuna idan kwafe maganar mutane kawai zan yi? Ta ce amfaninsa shi ne in san tambayar da zan koma in yi: an auna sinadaran hanta? Nawa suka nuna? An ɗauki hoton ciki? Yana shan wani abu daban, har da na gargajiya ko na ƙarin kuzari? Wanda bai yi karatun ba ba zai san me ya ɓace a rahoton ba. Wannan amsar ta zauna min.

Sai kuma ta yi min tarko da harshenmu, don ta san da shi nake tunani. Ta rubuto maganar majinyaciya kamar yadda ta fito: "Tunda na fara shan sa zuciyata ke tashi." Wani mai fassara a rahoton ya mayar da shi bugun zuciya, aka kai shi gidan cututtukan zuciya. Wannan kam na kama shi nan take, har na yi dariya ni kaɗai: tashin zuciya jin amai ne, gidansa ciki da hanji. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin na tuna MedDRA ba shi da fassarar Hausa, kuma duk rahoton da ya fito daga bakin mai jin Hausa sai ya bi ta kan wani kafin ya shiga rumbu. "Shawara" fa? A bakin wani rawayar ido ce, a bakin wani duk wani zazzaɓi mai kasala. "Borin jini" yawanci ƙuraje ne masu tashi da ƙaiƙayi, amma sai an tambaya ko leɓe ko maƙogwaro ya kumbura, don wannan ne zai canza girman lamarin gaba ɗaya. "Jikina ya mutu" ba shanyewa ba ce. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a ajiye kalaman mai rahoto yadda ya faɗe su a gurbinsu, kusa da kalmar da aka zaɓa. Na buɗe shafi a bayan littafina na fara tara irin waɗannan kalmomin, na kai 23. Kowane harshe yana da nasa, na tabbata masu aikin a ko'ina suna da irin wannan shafin.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Kwana huɗu ban taɓa komai ba. Aikin dare, sannan cajar kwamfuta ta lalace, sai da na sayi wata. Shi ne kashe kuɗi na farko da ban shirya masa ba. Na koma baya da kusan mako guda a jadawalina.

Laraba, 8 ga Oktoba

Danganta illa da magani. Ma'aunin Naranjo na 1981, tambaya 10, maki 9 zuwa sama tabbas, 5 zuwa 8 mai ƙarfi, 1 zuwa 4 mai yiwuwa, sifili zuwa ƙasa da shakka. Na gwada da tarin da maganin hawan jini lisinofril ke sawa, wanda na sani sarai, busasshen tari saboda taruwar sinadarin biradikinin a jiki. An san illar a baya, maki 1. Ta zo bayan fara magani, 2. Ta lafa da aka daina, 1. Babu wani dalili daban, 2. Jimla 6. Sai na ga a ƙasan rahoton an ce mutumin yana fama da mura a makon. Wannan tambayar ta koma ragin 1, jimla ta faɗo 3. Layi ɗaya da na kusa tsallakewa ya sauya matakin.

Ra'ayina, kuma Yaya ba ta musa ba: ma'aunin yana ba mutum jin cewa ya yi lissafi, alhali rabin tambayoyin amsarsu "ba a sani ba" ce a rahoton yau da kullum. Wa zai sake ba mutum maganin da ya kusa kashe shi don a ga ko illar za ta dawo? Wa ke auna yawan magani a jini saboda tari? Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya da Uppsala, mai matakai shida, ya fi kama da yadda mutum ke tunani, kuma yana da gurbin cewa bayanan ba su isa a yanke hukunci ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Rubuta labarin rahoto. Uku na rubuta, duka ta dawo min da su. Laifina: ina fara labari daga ranar da aka kawo rahoto maimakon in bi yadda abin ya faru a jikin majinyaci, kuma ina sa kalmomi irin "abin takaici" da "cikin sa'a". Ta goge su duka. Na sake rubutawa, ta karɓi biyu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Farautar alama, wato gano cewa wata illa tana yawan fitowa tare da wani magani fiye da yadda ya kamata. Nan ne nake ganin zuciyata take, ko da yake ba nan ake fara aiki ba.

Yaya ta ba ni jadawalin ƙirƙira a Excel. Magani kaza yana da rahoto 400, 12 daga ciki na wata illar ƙoda. Sauran magunguna duka suna da 100,000, 600 daga ciki na illar nan. Kashi 3 cikin 100 a nan, kashi 0.6 a can, rabo ya ba da 5. Ƙa'idar da aka saba kawowa, ta Evans da abokan aikinsa ta 2001, tana neman rabon ya kai 2, rahotanni su kai 3, da wani gwajin ƙididdiga ya kai 4. Na rubuta mata da murna cewa na sami alama mai ƙarfi.

Ta ce in koma in karanta rahotannin 12 ɗaya bayan ɗaya. Na yi, jikina ya yi sanyi. Namiji mai shekara 67 da ya fara magani rana kaza ya fito sau huɗu: daga likitansa, daga mai ba da magani, daga 'yarsa, sannan daga wata mujalla da aka buga labarinsa. Wasu biyu ma an maimaita su. Da na cire maimaici 7, saura 5 cikin 393, rabo ya sauko kusan 2.1. Yana nan a bakin layi, amma ba abin da na yi ta murna a kai ba ne. Cikin biyar ɗin ma, uku masu ciwon sukari ne na shekaru, waɗanda ƙodarsu dama tana cikin haɗari.

Abin da na rubuta don kada in manta: wannan rumbun ba ya faɗin mutum nawa suka sha maganin, rahoto kawai yake ƙirgawa. Kuma yawancin illoli ba a kawo rahotonsu. Wani nazari na Hazell da Shakir a 2006, da ya tattara bincike 37, ya sami matsakaicin rashin kawo rahoto kashi 94 cikin 100. Ni kaina shaida ce. A shekara shida rahoto nawa na cike? Biyu. Sau nawa wani ya dawo taga ya ce maganin bai karɓe shi ba, na canza masa na wuce? Ba zan iya ƙirgawa ba.

Na kuma karanta labarin Vioxx, maganin ciwon gaɓoɓi da aka janye a Satumbar 2004 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Irin wannan illar tana da wuyar kamawa da rahoton sa-kai, domin dattijo mai ciwon gaɓoɓi in zuciyarsa ta buga, ba kowane likita zai zargi maganin ciwon gwiwa ba. Gwaji mai rukunin kwatance ne ya fito da ita fili.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na zauna na zana taswirar aikin, don in san ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Kusan kowa daga sarrafa rahoto yake farawa: karɓa, duba maimaici, shigarwa, zaɓen kalma, rubuta labari, bin sawun abin da ya ɓace. Masu harhaɗa magani, ma'aikatan jinya da masu digirin kimiyyar rayuwa duk suna shiga ta nan. Bitar likitanci galibi ta likitoci ce. Daga sarrafawa mutum kan wuce duba ingancin aikin wasu, ko tace mujallun kimiyya (a Turai aƙalla sau ɗaya a mako ake wajabta wa kamfani), ko rubuta rahoton lokaci-lokaci da ke auna amfanin magani da haɗarinsa, ko farautar alama, ko tsara shirin rage haɗari irin wanda Turai ta ƙarfafa wa maganin farfaɗiya balfurowet a 2018 don kare masu ciki. A can sama akwai jami'in da doka ta ɗora wa alhakin tsarin kamfani gaba ɗaya, wanda a Tarayyar Turai dole ya zauna a yankin kuma a same shi dare da rana. Wannan kujerar ban yi mata sha'awa ba.

Masu ɗauka: kamfanonin magani, kamfanonin da ke karɓar kwangilar aikin, hukumomin ƙasa, shirye-shiryen rigakafi da na tarin fuka da ƙanjamau, da manyan asibitoci.

Matsalata ɗaya: kusan kowace sanarwa tana neman wanda ya taɓa aiki da Argus, manhajar sarrafa rahoton illa, ko makamancinsa, kuma waɗannan manhajojin ba a samun su a gida. Na ga masu sayar da kwas suna alkawarin koyar da shi. Na tambayi Yaya ko in biya. Ta ce, "Riƙe kuɗinki. Manhaja mako biyu ce in kin shiga. Abin da ba na iya koya wa sabon ma'aikaci da sauri shi ne ya daina ƙara abin da ba a faɗa ba." Na riƙe.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na gyara takardar neman aiki, na fito da rahoto biyun nan da na taɓa cikewa da takardun shaidar darussan Uppsala. Na aika wuri huɗu. Na kuma cike rahoton illa na gaske a wurin aiki, na uku a rayuwata.

Talata, 4 ga Nuwamba

Wuri ɗaya ya kira, kamfanin kwangila. Gwaji ta intanet, minti 60, rahoto uku, sannan hira ta minti 20.

Na farko ya tafi daidai. Na biyu mace ce da ta gano tana da ciki tana kan magani, babu wata illa. Na tuna cewa irin wannan ana karɓa a bi shi har haihuwa, na rubuta haka. Na uku ne ya kayar da ni. Takardar bayanin maganin ta ambaci kumburin hanta a cikin illolin da aka sani. Rahoton kuwa na mutum ne da hantarsa ta gaza gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Na ga kalmar hanta a takarda, na sa "an san da ita". Ina danna aikawa na tuna: idan abin da ya faru ya fi wanda aka rubuta tsanani ko ya fi shi takamaimai, ba a san da shi ba ke nan. Wannan misalin ma kusan shi ne a cikin E2A, na karanta shi da idona a watan Satumba. Ga shi kuma lokaci ya ci ni, labarin rahoto na uku rabi na rubuta.

A hira an tambaye ni me zan yi in na gano na wuce wa'adi da kwana biyu. Na ce zan miƙa nan take, in sanar da shugabana a ranar, a rubuta dalili da matakin hana maimaituwa. Matar ta gyaɗa kai. Ta tambayi rahoto nawa nake iya gamawa a rana, na faɗa mata gaskiya, uku nake yi a awa biyu kuma na ƙirƙira ne.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Amsa ta zo jiya: ba su ɗauke ni ba, sun ce in sake nema bayan wata shida. Sauran ukun shiru.

Mako goma sun cika gobe. Lissafin awanni: na yi niyyar kusan 105, na yi 81. Kuɗi: data, littafi biyu, caja.

Na aika wa Yaya sakamakon. Ta ce daga Litinin za ta riƙa turo rahoto biyar a lokaci ɗaya da agogo a kai, minti 20 kowanne, kuma rabinsu a kan ware illar da aka sani da wadda ba a sani ba, da takardun bayanin magunguna na gaske. Na ƙara mako shida. A ciki zan gama sashe na shida na ƙa'idojin Turai, wanda na tsaya a tsakiyarsa, in kuma fara na tara a kan alama. Na yi magana da shugaban sashenmu a kan in riƙa tattara rahotannin illa na asibitin, tunda babu mai yi a tsaye, ya ce in kawo masa a rubuce ranar Laraba. Shafin kalmomi ya kai 41, na ƙarshe "jiri", wanda har yanzu ban yanke ba ko juyawar ɗaki ake nufi ko duhun ido in an miƙe tsaye, don a MedDRA gida biyu ne daban.